Kai Bakwai da Rabi

A hawa na uku, bayan kasuwar kifin Matosinhos,
inda taga ke shan iskar teku da ƙaurin gashi,
Malama Graciete ta tsaya a bayana,
ta dubi mutumin da na ƙera a kwamfuta, ta ce:
"Iolanda, kin ba shi riga, kin ba shi suma.
Ina ƙashinsa?"

Na yi tsit.
Wata uku ina murza yumɓun da ba ya ɓata hannu,
ina jan ƙirji, ina tura kunci da bakin alƙalami,
ashe buhun auduga na ɗinka, na liƙa masa idanu.

Ta janyo ƙwarangwal ɗin roba daga lungu,
wanda ɗalibai suka naɗa wa gyalen ƙwallo a wuya.
"Auna," in ji ta. Na auna.
Kai bakwai da rabi, daga tsakar ka zuwa dunduniya.
Ido a tsakiyar ƙoƙon kai yake zaune,
ni kuwa kusa da goshi nake ɗora shi tun ina yarinya.
Ware hannuwa: faɗinka shi ne tsawonka.
Tafin hannu yakan rufe fuska daga haɓa zuwa goshi.
Na gwada a tawa, aji ya kwashe da dariya.

Damina guda na yi ina karatun ƙashi.
Allon kafaɗa ba a kafe yake ba,
lilo yake kan haƙarƙari kamar kwalekwale a bakin gaɓa.
Ƙashi biyu ne a sangalin hannu, ɗaya na haye ɗaya
duk sanda aka murɗa mabuɗi a ƙofa.
Tsoka ba ta san turi ba, ja kaɗai ta iya,
sai wata ta saki kafin wata ta kama.
A jirgin ƙasa na daina ganin fasinjoji,
sai muƙamuƙi, sai agara, sai idon sawu,
har wata tsohuwa ta harare ni, ta ja jakarta jiki.

Na sake gini daga tushe.
Na kunna madubin na'ura:
abin da na yi wa dama, hagu ta ɗauka nan take.
Ya fito sumul, ba ƙari, ba ragi.
Malama ta juya shi gaba, ta juya shi baya,
ta cire tabarau, ta goge da gefen riga.
"Lissafi ya cika," ta ce.
"Sai dai ba mace ce ta haife shi ba."

Ran Lahadi, a gida, babana Abílio na wanke kwanoni,
ya ba ni baya, daga shi sai singileti.
Shekara ashirin da uku ina ganin bayan nan,
ranar na fara karanta shi.
Kafaɗar dama ta sauka da faɗin yatsu biyu,
akwatunan kifi ne suka zauna a wurin tun kafin a haife ni.
Wuya ya ɗan karkata yana neman rama bashi.
Ƙugu ya jingina kan ƙafar da ba ta ciwo.
Ƙaramin yatsan da igiyar jirgi ta karya
ya warke yana kallon wani gari.

Daren nan na kashe madubi.
Na sauke kafaɗa, na karkatar da wuya,
na lanƙwasa yatsan da hannuna, ina jin nauyinsa a nawa.
Ban yi fuska ba. Toka-toka na bar shi, ba ido, ba baki.

Da asuba, zai fita, ya leƙo da kofin gahawa.
Ya daɗe tsaye, har tururin ya mutu.
Ina jira ya ce ya ga kansa.
Sai ya nuna allon da karkataccen yatsan nan, ya ce:
"A ina kika san tsayuwar mahaifina?"